Laftof ɗina na kai digiri 98 sai gudu ya faɗi, in kashe abin da ke rage mata gudun?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka. Ka ce laftof ɗinka Core i7 ce mai harafin H a ƙarshen lambar, tana da katin girafik na daban, ta shekara uku a hannunka, in ka kunna gem ko kana haɗa bidiyo minti goma na farko komai lafiya lau, daga nan sai ta fara sarƙewa, fanka na ta ihu, manhajar da ka saka tana nuna maka digiri 97 zuwa 100, kuma wani ya ce ka sauke manhajar ThrottleStop ka kashe abin da ke rage gudun. Kana so ka san ko za ta ƙone, ko ka sayi faifan nan mai fanka da ake ɗora laftof a kai, ko ka bi shawarar mutumin.

Bari in fara da shawarar tunda ita ce mai haɗari. Kar ka kashe. Wannan rage gudun da masu gyara ke ce wa turotilin ba shi ne ciwon ba, shi ne abin da ya hana ciwon kashe maka na'ura tun tuni. A cikin furosesan kansa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, akwai ƙananan ma'aunan zafi, kusan kowace ƙwaya (core) da ke cikinsa da nata, kuma kamfani ya sa masa iyaka. Yawancin furosesan Intel na laftof iyakarsu digiri 100 ce, wasu 105, wasu daga cikin sababbin Core Ultra har 110, na AMD Ryzen kuma tsakanin 95 da 105 gwargwadon zubin. Da zarar ya taɓa iyakar sai ya taka birki da kansa, ya rage gudu ya rage ƙarfin wutar da yake ja har zafin ya ɗan sauka, sai ya sake tashi, ya sake taɓawa, ya sake saukowa, to wannan hawa da saukar ce kake gani a matsayin sarƙewar gem. In ma birkin bai isa ba akwai mataki na gaba, ya ɗauke wuta gaba ɗaya laftof ta mutu fat ba sallama. Saboda haka furosesan ba zai ƙone ba, an gina shi ya kare kansa. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne maƙwabtansa, batir musamman, don batirin lithium ba ya shiri da zafi ko kaɗan, yana tsufa da wuri wani lokacin har ya kumbura.

Kuma abin da mutumin yake nufi da kashewa, kusan na tabbata akwatin nan ne da aka rubuta BD PROCHOT a cikin ThrottleStop. Mutane da yawa ba su san me yake yi ba suke cire masa alama. Wannan ba birkin zafin furosesan ba ne, hanya ce da sauran kayan da ke kan bod, wato babban allon da aka jera kayan laftof a kai, suke bi su ce wa furosesa "sassauta, mu ma mun ji jiki", kamar ɓangaren da ke daidaita masa wuta, ko batir, ko caja. In ka cire shi furosesanka zai ci gaba da taka birki a digiri 100 kamar da, ba ka ƙaru da komai ba, sai dai ka toshe bakin waɗancan kayan da ba su da wata hanyar kuka. Akwai lokacin da ake cire shi da hujja, zan zo kai, amma ba irin naka ba.

To yanzu ga abin da nake so ka riƙe, don shi ne yake raba mai gyara da mai canki-canki. Digiri kaɗai ba ya gaya maka komai. Ka duba wat nawa na wuta furosesan yake ci a daidai lokacin da ya kai wannan digirin. Duk wutar da ta shiga furosesa zafi take komawa, in ya ci wat 45 to zafin wat 45 ne dole a fitar da shi daga cikin akwatin. Furosesa mai H an tsara shi a kan wat 45, mai U na siraran laftof wat 15, mai HX wat 55, kuma dukkansu an ba su dama su zarce haka sosai na ɗan lokaci. Laftof da take nuna 95 tana cin wat 50 ko 60 tana riƙe da gudunta lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta, turbo ɗin ne, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi da kansa, yake cin duk sararin da ya samu har sai ya dangana da iyaka. Amma laftof da take nuna 98 alhali wat 18 ko 20 kacal take ci, wannan tana da matsala babba, zafin yana shiga ba ya samun hanyar fita. Lamba ɗaya ce a fuska amma labari biyu ne daban.

Ka sauke HWiNFO64, kyauta ce, ka buɗe ta a ɓangaren Sensors kaɗai, ka bar ta a buɗe ka je ka yi aikin da ke sa ta sarƙewa na minti 15 zuwa 20, sannan ka dawo ka duba layuka huɗu. CPU Package Power shi ne wat ɗin. Core Effective Clocks shi ne ainihin gudun da yake yi. Sai Core Thermal Throttling da Core Power Limit Exceeded, waɗannan biyun Yes ko No suke nunawa, kuma su ne za su gaya maka wane birki ne ya kama. Don birkin ba ɗaya ba ne. Akwai na zafi wanda muka yi magana. Akwai na iyakar wuta, Intel na kiransu PL1 da PL2, wato ana barin furosesa ya ci wuta mai yawa a PL2 na ɗan taƙaitaccen lokaci, a laftof da yawa kusan daƙiƙa 28, sannan a dawo da shi PL1, kuma wannan zai faru ko da digirinsa 70 ne, ba zafi ba ne doka ce da kamfanin laftof ya rubuta. Mutum zai je ya kwance laftof ya canza fes, man nan da ake shafa wa furosesa don ya miƙa zafi, ya dawo ya ga gudu na faɗuwa a daidai wurin da yake faɗuwa da, ya ce gyaran bai yi ba, alhali tun farko ba zafi ne ya kama shi ba.

Na ukun shi ne wancan BD PROCHOT. An taɓa kawo min wata laftof gudunta ya maƙale a 0.4 GHz, buɗe fayil ma sai ka jira, mai ita ya riga ya canza fes sau biyu. Na duba digiri 48 kawai. Caja ce, ya sayi wata da ba ta kai wat ɗin da laftof ɗin ke buƙata ba, bod ɗin ya gane sai ya danne furosesan ƙasa. Muka sa caja daidai da ita nan take ta dawo hayyacinta. In ka ga gudu ya tsaya cak a 0.4 ko 0.8 GHz kuma ba zafi, ka fara zargin caja ko batir ko wani ma'aunin zafi a kan bod da ya lalace yana ƙarya. A wannan na ƙarshen ne kaɗai, bayan an tabbatar ma'aunin ne ya mutu, ake cire alamar BD PROCHOT a lallaɓa kafin a gyara.

Naka dai daga yadda ka bayyana na zafi ne. Da na iyakar wuta ne da tun cikin minti ɗaya ya kama, minti goma kuwa shi ne lokacin da ƙarfen da ke ɗaukar zafin yake cika ya ƙoshi, ga shi a yawancin laftof na gem furosesa da katin girafik bututu ɗaya suke rabawa, kowa na juye nasa zafin a ciki.

Ka san hanyar da zafin ke bi kafin ka taɓa sukurudireba. Furosesan laftof ba shi da murfin ƙarfe irin na babbar kwamfuta, ƙwayar silikon ce tsirara, a kanta akwai man nan da ake ce wa fes, a kan fes faranti na tagulla, daga farantin bututun tagulla ya ɗauka. Bututun nan ba ƙarfe ne zalla ba, rufaffe ne an zuƙe iskar cikinsa an bar ɗan ruwa kaɗan, ruwan na tururi a gefen zafi, tururin ya ruga gefen sanyi ya koma ruwa, ya biyo bangon bututun ya dawo, haka yake ta zagaye. A ƙarshen bututun akwai siraran faifan ƙarfe jere kamar haƙoran mataji, fanka na hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Ko'ina a wannan layin ya toshe duk sauran sun zama banza, kuma da hannunka ma za ka iya gane inda ya toshe. Lokacin da take kan 98 ɗin ka kara hannu a inda iska ke fita. In fanka na ƙara sosai amma iskar da ke fitowa 'yar kaɗan ce mai zafi, ƙura ce ta toshe matajin. In iska na fitowa da ƙarfi amma ba zafi a jikinta alhali furosesa na tafasa, to zafin bai ma iso wurin ba, fes ya bushe ko bututun ya mutu. In kuma ba ka jin fanka sam ko tana gurnani tana karkarwa, ita ce ta gaji.

A laftof mai shekara uku da ba a taɓa buɗewa ba, wallahi mafi yawan lokuta ƙura ce. Kuma ba inda mutane ke dubawa take ba. Za ka leƙa ta ƙasa ka ga fanka fes ka ce ai ba datti, amma tsakanin bakin fanka da matajin nan akwai wani wuri da ƙura da zaren tufafi da gashi suke taruwa su dunƙule su zama kamar guntun bargo, sai ka cire fankar za ka gan shi, ka ɗago shi guda ɗaya da ɗan tsinke. Na sha cire irinsa digiri ya faɗi sosai ba tare da na taɓa fes ba. Hura iska daga waje ba ya fitar da shi, tura shi ciki yake yi ya faɗa cikin fanka. Ka kashe laftof, ka zare caja, ka buɗe murfin ƙasa, abu na farko ka zare wayar batir daga bod kafin hannunka ya taɓa komai, sannan ka kwance fanka ka share matajin da buroshi mai laushi. In za ka yi amfani da iska mai ƙarfi ka danne fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa fiye da ƙima, yana lalata mata gindi. In tana da sauran waranti ka tambayi sharuɗɗansa tukuna, amma a shekara uku da wuya.

Ka rufe ka sake gwaji kafin ka wuce zuwa fes, don ka san me ya yi aiki. In har yanzu tana kai iyaka a wat kaɗan, ko ka ga a HWiNFO64 wata ƙwaya tana 98 wata tana 80 a aiki iri ɗaya, tazarar da ta wuce digiri 15 haka, to farantin bai zauna daidai ba ko fes ya gudu daga gefe guda. Yana gudu kuwa, don kullum ƙarfen na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, a hankali yana matse man yana turo shi waje, abin da ya rage kuma ya bushe ya zama kamar alli. Kusoshin farantin suna da lamba 1, 2, 3, 4 a jikinsu, ka kwance su kaɗan-kaɗan kana zagayawa, kar ka fizge, in ya manne ka ɗan murza shi a hankali, kuma kar ka lanƙwasa bututun don in ya karye ko ya huje ya gama aiki. Ka goge tsohon man da sifirit irin isopropyl mai kashi 90 ko sama, ka shafa sabo siriri ya rufe fuskar ƙwayar duka har kusurwoyi, tunda ba murfin da zai raba zafin, duk inda man bai kai ba nan ne zai ƙuna. Aikin fes cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani ne tsakanin ƙarfe biyu, ba a so ya yi kauri. Sai ka mayar ka ɗaure bisa lambobin, kowanne rabi-rabi har su zauna tare.

Abin da ya fi ɓata wa masu koyo aiki a nan shi ne 'yan katifun nan masu laushi da ke kan ƙananan kayan da ke kewaye da furosesa da katin girafik. Kowanne da kaurinsa, wani rabin milimita wani milimita 1 wani 1.5. In ba su yage ba ka bar su yadda suke. In ka canza da wanda ya fi kauri zai ɗaga farantin gaba ɗaya ya daina taɓa furosesan da kyau, ka gama aiki ka kunna ka ga ta fi da zafi. Game da irin man kuma, mai kauri ya fi daɗewa a laftof fiye da mai ruwa-ruwa, akwai kuma wani na Honeywell mai suna PTM7950 da yake zuwa kamar 'yar takarda, yana narkewa a wajen digiri 45 ya sake daskarewa in ya huce, ba ya saurin gudu, ni shi na fi so a laftof mai zafi sosai. Narkakken ƙarfen nan da ake yi da galiyom kuwa ka bar wa waɗanda suka ƙware, yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya kashe ta, kuma yana cin alminiyom. Wasu laftof na gem da shi suke zuwa daga kamfani, ka bincika taka kafin ka ɗaga farantin. Man goge baki da wasu ke sawa kuma don Allah kar ka soma, bushewa yake yi nan da nan.

Bayan an buɗe wa zafi hanya sai a rage shi daga tushe, kuma nan ne ake samun riba mai yawa a kyauta. Gudun ƙarshe na turbo shi ya fi kowanne tsada, don kafin furosesa ya hau can sai an ƙara masa boltej, zafi kuma yana tashi ne da ninkin boltej a kansa, shi ya sa 'yan ɗigon GHz na saman suke cin wuta fiye da amfaninsu. A Windows ka shiga Power Options, cikin Advanced settings akwai Maximum processor state, ka mayar da shi 99 maimakon 100, a laftof da yawa wannan kaɗai yana kashe turbo, digiri ya sauko sosai. Za ka ɗan rasa gudu a takarda, amma gudu matsakaici da ya tsaya wuri ɗaya ya fi daɗin gem nesa ba kusa ba a kan wanda ke hawa 4 GHz yana faɗowa 1.5, kuma tunda bututu ɗaya suke rabawa katin girafik ma zai samu sarari ya numfasa, shi nasa birkin a na Nvidia wajen digiri 87 yake kamawa. Ka kuma ƙayyade yawan hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa daidai da abin da allonka zai iya nunawa, allo mai 60 ba ya amfana da 140, zafi kawai kake tarawa. In kana son amfani da ThrottleStop ta hanyar da ta dace, to ka rage PL1 da PL2 da ita zuwa abin da laftof ɗinka ke iya fitarwa. Rage boltej ma yana taimakawa ƙwarai, sai dai tun da aka gano matsalar tsaron nan mai suna Plundervolt a ƙarshen 2019 kamfanoni da yawa sun kulle shi ta BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tada na'urar, in ka ga naka a kulle ka haƙura kar ka je kana saukar da tsohon BIOS saboda shi.

Ka leƙa Task Manager ma lokacin da ba ka komai. Laftof da ke zaune ba aiki ya kamata furosesanta ya kasance ƙasa-ƙasa, in ka ga yana kashi 30 ko 40 ba dalili akwai abin da ke ci a ɓoye, wani lokacin bairos ɗin haƙar kirifto ne da ke biyo manhajojin sata. Sabunta BIOS daga shafin kamfanin ma ba laifi, don jadawalin fanka da iyakokin wuta a can suke. A 2018 da MacBook Pro mai Core i9 ta fito tana rage gudu fiye da ƙima, Apple da kansu suka ce kuskure ne a manhajar da ke kula da zafi, suka fitar da gyara ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Faifan fanka kuma, yana ɗan taimakawa in laftof ɗinka ta ƙasa take shan iska, amma 'yan digirori ne, kuma yawancin amfanin daga ɗaga ta da ya yi ne ba daga fankokinsa ba. Ka sa wani abu ka ɗaga bayanta santimita 2 ko 3 a kan tebur ka gwada tukuna kafin ka kashe kuɗi. In matajin a toshe yake ko faifai goma ka jera ba abin da zai canza. Katifa da bargo da filo su ne manyan abokan gaba, suna toshe ramukan kuma su ne ke ba ta zaren da ke taruwa a ciki. Zafin ɗaki ma yana shiga lissafi kai tsaye, yawancin laftof an tsara su su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, duk digirin da ɗaki ya ƙara kusan haka furosesa zai ƙara. Kar kuma ka ɗora ta kan ƙanƙara ko ka sa ta a firji, raɓa za ta taru a kan bod.

Lokacin da ka buɗe ka dubi batir da kyau. In ka ga ya yi ciki, ko wurin da kake jan yatsa ya ɗago ko ya daina dannuwa, ka daina caji ka cire shi a canza, kar ka matsa shi kar ka huda shi.

Kafin ka taɓa komai ka rubuta lambobi uku bayan minti 15 na aiki, digiri da wat da gudu, ka sake rubutawa bayan shara, ka sake bayan fes. Kar ka yi mamaki in digirin ya tsaya a 90 da wani abu amma wat ya tashi daga 20 zuwa 45 gudu ya daina faɗuwa, gyaran ya yi kenan. In kuma ka share, ka canza fes daidai, fanka na juyawa, amma har yanzu tana kai 100 a wat kaɗan, ka kunna ta ka taɓa bututun a hankali ta wajen matajin, in gefen furosesa na ƙuna can ƙarshen kuma da sanyi to ruwan cikinsa ya tsere, ba a gyara shi, sai ka nemi wani farantin da bututunsa gaba ɗaya da lambar samfurin laftof ɗinka.